GUDUN ARO

Shafi na 19

Masu cewa shafin da ya wuce ya yi gajarta, na ji ƙorafinku. Wanda yake tsaye ya nemi wuri ya zauna.

*

Ƙauri ne ya fara tarar Mu'az tun daga bakin ƙofar ɗakin kwamfutocin. Ba ƙaurin waya ba ne kawai. Akwai wani wari a ƙarƙashinsa mai sanyi-sanyi kamar na na'a-na'a, ya rasa daga ina yake fitowa.

Hajiya Lauratu, shugabar makarantar koya wa mata kwamfuta da ke garin Garki, tana tsaye a jikin taga ta harɗe hannuwa. Ɗalibanta sun jeru a jikin bango.

Ya yi gaisuwa, ta amsa a taƙaice.

"Ga aikinka nan, Malam Mu'az. Bayan ƙaramar salla ka kawo mana su, muka yi ta murna. Zafi na shigowa suka fara ɗaukewa da kansu. Jiya ana tsakar jarrabawa uku suka yi hayaƙi."

"Hajiya, ko janareto ne yake turo wuta da ƙarfi?"

"Ga abin daidaita wutar da ka ce a saya. An saya."

"Ba a lulluɓe su da zane suna cikin aiki?"

"Mu ba yara ba ne."

Ya durƙusa gaban ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙone, ya zaro sukundireba daga aljihu. A jikin akwatin ga tambarin shagonsa nan ɗauke da sunansa, ko kwarzane bai yi ba.

Yana ɗaga murfin fuskarsa ta sauya.

Fankar da ya gani a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ita ce ya saya ba. Shi manya ya sayo, masu kaurin ƙarfe a ƙasa, saboda ya san zafin ƙasar nan. Wannan kuwa 'yar mitsitsiya ce irin ta tsofaffin injuna. Ya ɓalle ta. A wurin da ya kamata a shafa farin man nan mai ɗauke zafi daga furosesa zuwa ƙarfe, sai ya tarar da wani abu ya bushe ya yi ɓawo. Ya kankaro da farce, ya kai hanci.

Man goge baki ne.

"Lafiya?" in ji Hajiya.

Ya ciro furosesar, ya goge fuskarta da gefen riga, ya matsa inda haske yake. An bi ta kan rubutun kamfani da samfefa, an buga wata lamba a kai. A gefe kuma, inda wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan zinare suke, an ja siraran layuka da fensir an haɗe su.

Ya san layukan nan kamar yadda ya san tafin hannunsa.

A Dutse ta shekarar dubu biyu da biyu, masu haɗa kwamfuta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma a cikinsu Mu'az kaɗai aka sani da iya ƙara wa furosesa gudu. Da bakin fensir ake buɗe ta, sannan a ɗaga gudun, a ɗan ƙara mata wuta don ta iya ɗauka. Mutum ɗaya tak ya taɓa zaunarwa ya koya wa wannan aikin.

"Malam Mu'az, magana nake yi maka."

Ya miƙe da ƙyar.

"Hajiya, abin da ke cikin injin nan ba shi aka sayar muku ba."

"Ban gane ba."

"Mai gudu dubu aka ce za a sa muku. Wannan mai ɗari bakwai ce. An tilasta mata ne ta riƙa gudun dubu, aka ɗura mata wuta har iyakar inda take kaiwa. Idan kun kunna za ta nuna muku dubu a gilashin kwamfutar, amma ita tana can tana dahuwa."

"Yi mini Hausa."

"Maraƙi aka ɗaura wa garma, aka ce muku sa ne. Da sanyi ya lallaɓa ya ja. Da rana ta buɗe sai ya faɗi."

Wata daga cikin ɗaliban ta saki salati a hankali.

Ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku, har waɗanda ba su mutu ba tukuna. Duk kanwar ja ce. Katin hoton ma, wanda yake fitar da abin da ake gani a gilashi, an musanya shi da tsoho, an manna masa fanka da gam.

Wata mata da goyo a baya ta matso. Asma'u sunanta, tana cikin waɗanda za su kammala a wannan zangon.

"Malam, aikina fa? A wannan na yi shi. An ce mini yana cikin rumbunta, wai ko ta mutu ana iya cirowa."

Ya cire rumbun, ya jona a wata mai sauran numfashi. Sunayen ayyukan suka fito a hargitse, wasu alamomi marasa kan gado sun cinye haruffan. Dama ya san za a rina. Idan aka matsa wa inji gudu babu lissafi, ba furosesa kaɗai take wahala ba, har abin da ake ajiyewa sai ya dagule.

"Zan gwada," ya ce, "amma kada ki sa rai."

Ta gyara goyonta.

"Daga ƙauyenmu nake takowa kullum. Da takardar nan aka ce za a ɗauke ni aikin buga takardu a sakatariya."

Ta koma jikin bango. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Hajiya Lauratu ta sallami ɗaliban, ta tura ƙofa.

"Wa ya yi wannan?"

"Sunana ne a jikin akwatin, Hajiya."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Na ga fuskarka lokacin da ka buɗe. Wanda ya binne abu ba ya razana haka in ya tono shi."

"Ki ba ni zuwa gobe."

"Ba ni da goben da zan ba ka. Ofishin da ya ba mu kayan nan yana Dutse, kuma yau za su ji daga bakina. Ka san zamanin da muke ciki. Mai mudu ma in ya tauye sai ya tsaya gaban alƙali, balle wannan. Idan kana da abin faɗa, ka riga ni."

Ya jefa furosesar a aljihu, ya yi mata sallama.

*

A cikin mota ana ta hirar zafi da tsadar gero, shi bai ji ko ɗaya ba.

Ranar da kayan makarantar suka iso daga Legas, da hannunsa ya yanke kwalayen, ya duba komai ɗaya bayan ɗaya. Washegari aka aiko daga garinsu Aujara cewa jikin Dada, mahaifiyarsa, ya tashi. Ya ajiye komai ya tafi jinya, ya bar wa Misbahu haɗawa.

Misbahu amininsa ne tun suna sakandare. Da ya gama makaranta ya rasa abin yi, Mu'az ne ya je har gida ya ɗauko shi, ya koya masa aiki tun daga yadda ake riƙe sukundireba. Ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Takur, kwano ɗaya suke ci. Ko Dada ba ta cewa abokin Mu'az, ɗana take cewa.

Ana sallame la'asar ya sauka a bakin shagonsa a Dutse.

Misbahu yana zaune yana kurɓar zoɓo, rediyo na yi a gefe. Da ya gan shi ya washe baki.

"A'a, har ka dawo? Me ya same su? Ni dama na ce janareton mutanen nan ba zai bar su lafiya ba."

Mu'az ya kashe rediyon. Ya ciro furosesar ya ajiye a kan tebur, tsakaninsu.

"Shinshina."

"Me?"

"Na ce ka shinshina."

Misbahu ya dubi abin, bai taɓa ba. Kofin hannunsa ya sauka a hankali.

"Man goge baki, Misbahu. Farin man ma da yake nan a durowa, shi ma ƙyashinsa ka yi musu?"

"Ni ban san me kake nufi ba. Ka san halin mutanen Legas, ƙila tun daga can..."

"Ni na buɗe kwalayen."

"To ƙila a makarantar wani ya..."

"Duba layin fensirin nan."

"Na gani."

"Daga ina ya taso, ina ya gangara? Ni in na ja, daga hagu nake farawa. Wannan bahago ne ya ja shi. Bahago nawa ne a shagon nan?"

Misbahu ya ɓoye hannunsa na hagu a ƙarƙashin tebur, kamar hannun ne zai yi magana.

Wani ɗan acaɓa ya wuce a guje, ƙararsa ta ɓace.

Sai Misbahu ya ɗago, idonsa ya bushe.

"To ni ne. Sai me? Kai ba ka yi?"

"Me ka ce?"

"Na ce kai ba ka yi? Injin mai ɗaukar hoton nan na bakin kasuwa, wa ya ƙara masa gudu? Na mai buga katin biki fa? A wurin wa na gani? Yau don ni na yi shi ne ya zama haram?"

Mu'az ya dafa teburin da hannu biyu.

"Duk wanda na yi wa, sai da na zaunar da shi na gaya masa abin da ke cikin injinsa, da abin da zan yi, da abin da zai iya biyo baya. Ya ce ya yarda. Taki ɗaya nake hawa, in tsaya. In bar inji ya wuni yana aiki da tsakar rana, hannuna a kan ƙarfen. In ya yi zafin da ba zan iya riƙewa ba, in sauko. Wuta kuwa ɗan ƙiris nake ƙarawa, ban taɓa kai ta ƙarshe ba. Sau nawa na gaya maka wuta ce take kashe furosesa, ba gudu ba?"

"Wa'azi za ka yi mini?"

"Na taɓa goge sunan abu na rubuta wani? Na taɓa?"

Misbahu ya kau da kai.

"Yau wata mata da goyo ta tambaye ni aikinta. A ƙafa take zuwa daga ƙauye. Ka san me na ce mata?"

"Ni ban yi nufin su mutu ba! Da sanyi ai lafiya lau suka yi aiki. Na ɗauka za su kai baɗi, kafin nan an manta. Kuma wallahi sai da na ce masa fankokin nan sun yi ƙanana, ya ce..."

Ya datse bakinsa.

Mu'az ya miƙe tsaye sosai.

"Ka ce wa wa?"

"Ba kowa."

"Ka ce masa. Wane ne shi?"

"Suɓutar baki ce."

"Misbahu, ina ainihin kayan suke? Furosesa goma, katin hoto goma, fanka goma. Kai ba ka da inda za ka kai su a garin nan ban ji ba. Wa ya karɓa?"

"Ka bar maganar nan. Don girman Allah ka bar ta. Ni na yi, ka kai ni duk inda za ka kai ni."

"Ba zan bari ba."

"In na faɗa, kai za ka fi ni kuka."

"Faɗa."

Misbahu ya runtse ido.

"Hamma Ziyad."

Mu'az bai san lokacin da ya tsallake teburin ba. Sai ganin hannunsa ya yi a wuyan rigar Misbahu, ya haɗa shi da bango, kofin zoɓon ya kife a ƙasa.

Ziyad wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa duk gidan suke ce masa Hamma. Tun rasuwar mahaifinsu Malam Bubayero shi ya zame musu uba. Ma'aikaci ne a ofishin da ya bai wa makarantar Garki kwamfutocin, kuma shi ne ya tsaya har aka bai wa shagon Mu'az aikin.

"Maimaita," in ji Mu'az. "Bayan ha'inci kuma har da ƙazafi? Mutumin da ya sayar da karsanarsa ta gado ya kai ni Kano koyon aikin nan?"

"Sake ni in gaya maka."

"Ƙarya kake yi!"

"To ka je Kanon! Ka je ka tambayi sabon shagon da ake haɗa bidiyon biki, wanda Hamma Ziyad ya buɗe da sunan ƙanin matarsa. Ka buɗe injunan da ke ciki. In ba ka ga kayanka ba, ka dawo ka yanka ni."

Hannun Mu'az ya saki da kansa.

Misbahu ya zame ya zauna a ƙasa yana haki.

"Ranar da ka tafi Aujara ya zo nan da motarsa. Ya ce aikin bidiyo sai manyan injuna, matan ƙauye kuwa rubutu kawai za su koya, me za su yi da gudu dubu? Ya kawo ƙananan a cikin kwalin sabulu. Ya ce ai Mu'az ya koya maka yadda ake sa su nuna babbar lamba. Na ce ina tsoro. Ya ce shi ne mai duba kayan a ofis, wa zai buɗe?"

"Kai kuma ka yarda."

"Ya ce zai sa ni a aikin gwamnati."

"Shi ke nan? Da wannan ya saye ka?"

"Kai ba za ka gane ba!" Misbahu ya ɗaga murya. "Sunanka ne a allon waje, sunanka ne a jikin kowane akwati. Ni kowa yaron Mu'az yake ce mini. Gidan su yarinyar da nake nema, ka san me babanta ya tambaya? Wai shagon nawa ne ko na ubangidana. Sa'anka ne ni fa! Aji ɗaya muka zauna!"

"Da ka gaya mini."

"In ce me? Ka raba sunanka biyu ka ba ni rabi?"

Mu'az ya ja kujera ya zauna.

Abin da ya dawo masa shi ne wata safiya a Aujara, cikin jinyar nan. Dada ta ɗan samu sauƙi, ya ɗauki jakarsa zai leƙo shago ya ga yadda haɗin yake tafiya. Hamma Ziyad ya tare shi a zaure, ya karɓe jakar da hannunsa, yana murmushi. Ya ce, uwa ɗaya gare mu, Mu'az, shago ba ya guduwa, zauna ka samu albarka, ni zan riƙa duba maka Misbahu. Har hawaye Mu'az ya yi a ranar, yana gode wa Allah da ya ba shi wa irin wannan.

"Da aka ce sun fara ɗaukewa," ya ce a hankali, "ka gaya masa?"

"Na gaya masa tun farkon zafi. Na ce a bar ni in je in sauke gudun, in rage wutar, ko za su rayu."

"Ya ce me?"

Misbahu ya sunkuyar da kai.

"Ya ce me, Misbahu?"

"Ya ce in na sauke, lambar gaskiya za ta fito a gilashi. Ya ce a bar su. In sun mutu a ce zafi ne. In kuma an matsa bincike, ai duk Dutse an san wanda yake wasa da gudun inji."

Mu'az ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Ka ji wannan da kunnenka, ka dawo ɗaki ka sa hannu a kwano ɗaya da ni."

Misbahu ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Tashi," in ji Mu'az. "Wanke fuskarka. Gidansa za mu, ka faɗa a gabansa. In ƙarya ka yi masa, ni da kai har abada. In kuma gaskiya ce..."

Bai ƙarasa ba, ƙarar tsayuwar mota ta katse shi. Ƙofofi suka buɗe, suka rufe.

Hajiya Lauratu ce ta fara shigowa da sallama. Bayanta ɗan sanda ne, da wani dattijo ma'aikacin kotu. Na ƙarshe ya sunkuyo ya shigo cikin farar shadda, hularsa a karye, carbi a hannu.

"Hamma," in ji Mu'az, ya miƙe.

Ziyad bai dube shi ba. Ya bi shagon da kallo, ya ga zoɓon da ya malale, ya ga furosesar a kan tebur, ya ga Misbahu a ƙasa. Ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Hajiya, ki gafarce mu," ya ce da murya mai taushi. "Ƙanena ne, ni na raine shi, ni na kawo shi na ce a yarda da shi. Na sha yi masa faɗa a kan taɓe-taɓen nan da yake yi wa injunan mutane, bai ji ba. Amma haƙƙin matan nan ya fi ƙarfin zumunci. Yau ba zan rufa masa asiri ba."

"Hamma, ni kake..."

"Yi mini shiru."

Hajiya Lauratu ta dubi wan, ta dubi ƙanin.

Ziyad ya juya, a karon farko ya sauke idanunsa a kan Misbahu, ya ƙura masa su.

"Kai yaro ne, umarni aka ba ka, ba wanda zai taɓa ka. Tashi ka nuna wa hukuma wanda ya sa ka."

Misbahu ya dafa bango ya miƙe. Ya share fuska da gefen riga. Ya dubi Ziyad, ya dubi Mu'az.

Sannan ya ɗaga hannu zai nuna ɗaya daga cikinsu.